Dabino a Tiren Neman Aure

Masu karatu, wanda ya daɗe yana bin wannan labari ya san ni. Wanda yau ya fara leƙowa kuwa, sunana Parastu, 'yar Agha Nosrat, tsohon malamin lissafi a birnin Rasht. Ina aiki a shagon tabarau, inda a 'yan makonnin nan samari da 'yan mata ke shigowa da ido ɗaya a liƙe da auduga, suna tambayar gilashi mai duhu, mu ba su ba tare da mun tambayi dalili ba.

Ƙanena Behrang ya rasu lokacin da ganye ya fara zuba. Ba ciwo ya yi ba. Ranar da mata suka cika titi suna neman a daina dukansu saboda gashin kansu, ya ga wasu ƙarti biyu sun sauko daga babur suna jan wata yarinya a ƙasa. Ya shiga tsakani, yarinyar ta kuɓuta, shi kuma aka harbe shi ta baya. Kafin a ba mu gawarsa sai da aka zaunar da Baba a wani ɗaki aka sa ya faɗa da bakinsa cewa daga kan rufi yaron ya faɗo. Rufin gidanmu mai gangare ne kamar na kowane gida a garin nan na ruwan sama, ko kyanwa ba ta iya zama a kai, amma haka aka rubuta. An binne shi da sassafe, masu gadinmu sun fi masu makoki yawa.

Saboda haka arba'in ɗinsa kaɗai ta rage mana. Ranar ce za a taru a bakin kabari, a yayyafa ruwan wardi, a raba dabino da alewa, a kira sunansa da ƙarfi a gaban jama'a. Wannan taron nake so a yi ranar Alhamis mai zuwa. Shi kuma ake so a hana.

A nan Maisam ya shigo.

Maisam ɗan layinmu ne. Tare suka buga ƙwallo da Behrang, ya ci shinkafa a gidanmu har ba a ƙirgawa. Ya shekara biyu yana nemana, ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, domin a lokacin ina ganin rashin kan gadonsa ne kawai aibinsa. Daga baya ya sami aiki a wani ofishin tsaro da ba shi da allo a ƙofa. Tun daga nan rigarsa take a rufe har maƙogwaro, zoben aƙiƙ a yatsa, ga tabon sujada da ya tsiro masa a goshi cikin wata guda kamar an sayo a kasuwa. Ranar jana'iza bai zo ba. Saƙo ya aiko, kalma huɗu da hoton fure.

Da safiyar Juma'ar da nake ba ku labari, wayata ta yi ƙara.

"Salam, Parastu Hanum. Da la'asar za mu zo da Haj Hanum. Alheri ne."

Haj Hanum, wato Hajiya, mahaifiyarsa ce. Can sai ga wani:

"Ki sa wani abu mai haske."

Na dubi baƙar rigata da baƙin ɗankwalina, na kife wayar a kan tebur.

Kafin azahar Amme Akram, yayar Baba, ta iso da lema tana ɗiga. Ita ta ƙulla wannan ziyara, ita kuma ta zo shirya mata fage. Ko mayafinta ba ta gama ratayewa ba ta nufi teburin da hoton Behrang yake, mai baƙin zare a kusurwa da kyandir biyu a gefe, ta ɗauke shi.

Na ce, "Ina za ki kai shi, Amme?"

"Ɗaki. Na awa biyu kawai. Ba a neman aure a gaban hoton mamaci."

"To sai su nema a gidan da babu mamaci."

Ta mayar da shi da ƙarfi har kyandir ya girgiza, ta ja ni kicin. Maman, mahaifiyarmu, tana zaune a kan ƙaramar kujera tana cire wa dabino ƙwallo tana jerawa a faranti. Tun da aka dawo daga maƙabarta ba ta yi magana mai tsawo da kowa ba. Dabinon arba'in take gyarawa kullum, ba wanda ya yi ƙarfin halin ce mata wataƙila ba za a yi ba.

Amme ta rage murya. "Parastu jan, 'yar lelena, saurare ni da kunnen hankali. Shekararki ashirin da bakwai, wannan ɗaya. Na biyu, sunanki yana hannunsu, kin sani na sani. Yaron nan ya ce idan aka sa rana, ba wanda zai ƙara kiran babanki a waya, ba wanda zai taɓa fanshonsa, ba wanda zai tare ki a hanyar shago. Abin da ya roƙa kaɗan ne."

"Nawa ne kaɗan ɗin?"

"A yi arba'in a falo. Ƙofa a rufe, mu ya mu. Allah yana jin Fatiha ko daga ƙarƙashin bargo aka karanta."

"Allah yana ji, Amme. Mutanen gari ne ba za su ji ba, kuma su ake gudu."

"Bakinki ne zai ja miki, 'yar nan. Irin na kakarki ne, ita ma da shi ta ƙare." Sai idonta ya kawo ruwa. "Na binne ɗaya. Ba zan binne biyu ba."

Ban raina Amme ba, masu karatu. Tsoro ne ya ci ta, tsoro kuwa ba abin dariya ba ne a gidan da aka fitar da gawa. Wanda na raina shi ne mai ɗaukar tsoron mutane ya zo da shi a matsayin sadaki.

Na je wurin Baba. Yana zaune kusa da taga cikin baƙar riga, gemunsa ya tsiro fari fat, domin namiji ba ya aski sai makoki ya cika. Ya rame har agogonsa yana zamewa a hannu.

"Ki saurare su kawai, 'yata," in ji shi, bai dube ni ba. "Sauraro ba amsa ba ne."

Daga muryarsa na gane ya fi rabin yarda.

Sun iso da la'asar, ruwa yana ta zuba. Daga bakin kicin nake leƙe, inda al'ada ta ce yarinya ta tsaya har a kira ta da shayi. Kwandon fure ne ya fara shigowa, ya kusa cika ƙofa, sannan Maisam a bayansa. Haj Hanum ta biyo, ta ciji gefen baƙin mayafinta da haƙori domin hannuwanta a cike suke: kwalin kayan zaƙi a dama, wani ƙunshi mai takarda mai ƙyalli a hagu. Aka yi ta "ku shige" da "a'a, ku fara" a bakin falo har sanyi ya cika gidan.

Ta'aziyyarta ba ta kai tsawon hamma ba. Ta zauna ta juya wa hoton baya, ta yabi kafet, ta yabi labule, ta tambayi inda aka sayi agogon bango. Sannan ta warware ƙunshin a kan cinyarta.

Riga mai launin sararin sama, ta Baba. Yadi mai furanni ja da kore, na Maman. Ɗankwali ruwan hoda, nawa.

Babu wanda bai san wannan kyauta ba. Da ita ake cire wa masu makoki baƙi. Amma bayan arba'in ake kawo ta, bayan an dawo daga kabari, kuma babba a cikin dangi ke kawowa. Wanda ya kawo ta kafin ranar, ce maka ya yi mamacinka bai cancanci kwanakinsa ba. Ko Amme sai da ta sunkuyar da kai.

Haj Hanum ta miƙe da kanta ta ɗora rigar a gwiwar Baba. "Ya isa haka, Haj Agha. Baƙi ba ya dawo da wanda ya tafi. Mu da ku yanzu za mu zama ɗaya, ai ba a jiran lissafin kwanaki tsakanin 'yan uwa."

Baba bai taɓa zuwa Makka ba, amma yau ya zama Haj Agha.

Maisam ya gyara murya, ya juya zobensa. "Gobe ni da kaina zan kai ku wurin wanzami, ranka ya daɗe. Maganar Alhamis kuma, shawara ce ta ɗa ga uba. Maƙabarta ba za ta yi kyau ba. Akwai ɓata-gari da ke son fakewa da hatsarin da ya sami Behrang su tayar da fitina. Ni ina ciki, ina jin abubuwa. Idan kuka bar mini, ni zan zama inuwar gidan nan. Ko ƙuda ba zai sauka a kan Parastu Hanum ba."

Hatsari. Da bakin da ya ci abincinmu ya faɗa.

Na ga hannun Baba a kan rigar, yana shafa ta a hankali kamar mai lallashin yaro. Ya ce, "Za mu duba."

Amme ta yi ajiyar zuciya, ta ɗaga murya da fara'a. "Parastu jan, kawo shayi."

Na tsiyaya shayin a ƙananan kofunan gilashi, na ƙara ruwa daga samawar, tukunyarmu ta ruwan zafi, har launinsa ya daidaita. Amme ta riga ta shirya tiren azurfa: kwanon ƙwayar sukari a tsakiya, ga faranti da za a zuba kayan zaƙin baƙi idan magana ta yi daɗi. Na tsaya ina kallon kwanon. Sannan na sauke shi. Na ɗauki farantin dabinon da ke gaban Maman, wanda ta barbaɗa wa kwakwa ta jera kamar yadda ake jerawa don mamaci, na sa shi a wurinsa.

Maman ta ɗago ta dube ni. Ta miƙe ta buɗe firiji, ta ciro alewar fulawa mai ruwan wardi da ta tuƙa jiya, ta ɗora a gefen dabinon, ta gyara mini ɗankwali.

Na shiga falo a hankali, ido a ƙasa, kamar yadda ake son amarya. Na fara da Haj Hanum. Ta ɗauki kofi tana auna ni daga sama zuwa ƙasa, tana ɓata fuska ga baƙar rigata. Hannunta kuwa ya tafi farantin shi kaɗai. Hannun da ya shekara sittin yana karɓar dabinon sadaka kowace Alhamis ba ya neman izinin kai. Ta jefa a baki, leɓɓanta suka kama Fatiha kamar yadda kowa ke yi idan ya ɗauki rabon mamaci. Sai da ta kai tsakiya ta farga.

"Allah ya jiƙan..." Ta tsaya.

"Behrang, Haj Hanum," na ce. "Sunan bai canza ba."

Dabino a baki, ba damar tofarwa, ba daɗin haɗiyewa. Ta zauna da kumatu a kumbure.

Amme ta matso tana magana ta tsakanin haƙora. "Ina sukarin, 'yar nan?"

"Gidan makoki ne, Amme. Da dabino muke shan shayi."

Na wuce Baba da gangan, na tsaya gaban Maisam, na sunkuya da tiren. Ya ɗauki kofi da sauri.

"Bismillah, Agha Maisam. Sadakar Behrang ce, wanda aka harba ta baya a gaban gidan burodi yana ƙwatar 'yar mutane."

Kofin ya yi ƙara a kan ƙaramin farantinsa. "Na gode. Hannunki ya huta."

Ƙin farko ladabi ne, kowa yana yi. Ban motsa ba.

"Bismillah."

"Ba na cin zaƙi."

"Kwalin da kuka shigo da shi na waye? Bismillah, Agha Maisam. Ɗaya kawai. Ka ɗauka ka yi masa Fatiha."

Tiren yana da nauyi, amma da in sauke shi gara hannuna ya karye.

"Maisam, ɗan Batul."

Maman ce a bakin ƙofa. Ba wanda ya kira Haj Hanum da sunanta na yanka tun da mijinta ya sayi mota. Muryar Maman ta dishe saboda daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

"Ka ɗauka. Da wannan hannun kake sace masa ƙanzo daga faranti, ni kuma in ƙara maka."

Ya dube ta, ya dubi uwarsa, sannan, Allah shi ne shaida, ya dubi aljihun ƙirjinsa inda wayarsa take. Ya sa tafin hannu ya rufe ta.

"Hanum, ku fahimce ni," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ina da matsayi. Sunansa yana cikin waɗanda aka... Idan magana ta fita cewa na zauna an faɗi haka, har na karɓa... Zan karanta masa a zuci."

Wannan shi ne inuwar gidanmu, masu karatu. Ga shi nan a kan kujerarmu, gumi a kan tabon goshinsa, yana tsoron aljihun rigarsa.

Baba ya ɗauke hannu daga kan rigar.

"Shekara uku na koya maka lissafi, Maisam," in ji shi, da muryar da yake amfani da ita a aji. "Ban taɓa zaton ka iya ba, yau ma ba ka ƙaryata ni ba. Ka ce za ka tsare mini 'ya. Fatiha aya bakwai ce, yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya haddace ta. Mutumin da ba zai iya karanta ta a falona ba sai ya dubi aljihunsa, da me zai tsaya a ƙofa ranar da aka zo ɗaukar Parastu?"

"Ranka ya daɗe, ba haka..."

"Kawo nan, 'yata."

Na kai masa tiren. Ya ɗauki dabino, ya karanta Fatiha a bayyane, aya bayan aya, bai gaggauta ba. Maman ta bi shi. Amme ta bi su tana kuka. Da ya shafa, sai ya ninke rigar bisa layin da ta zo da shi, ya haɗa da yadin da ɗankwalin, ya miƙa wa Haj Hanum da hannu biyu.

"An gode da ɗawainiya. Lokacinta bai yi ba. Ɗana ba daga rufi ya faɗo ba, ni na faɗi haka don a ba ni shi in binne. Ranar Alhamis bayan azahar muna bakin kabarinsa. Wanda yake son dabino ya same mu a can."

Haj Hanum ta miƙe tana tattara mayafi. "Mu da muka zo rufa muku asiri. Ɗana 'yan mata nawa ke layi a kansa? Taso, Maisam, an ce mana gidan mutunci ne." Ta cusa ƙunshin a hammata, ta waiwaya ta ɗauki kwalin kayan zaƙinta. Dabinon dai ya riga ya wuce, da rabin Fatiharsa. Wannan ba ta iya mayar da shi jaka ba.

Na raka su ƙofa domin ladabi bai ƙare a gidanmu ba. Maisam ya tsaya yana tura ƙafa a takalminsa mai takakkiyar dunduniya. Da uwarsa ta sauka matakala, ya matso.

"Kin san abin da kika yi? Ranar Alhamis za a kawo motocin kame. Yanzu ba zan iya cire sunanki ba."

"Da can ka taɓa iyawa?"

Na miƙa masa lemarsa, na tura ƙofa.

A falo Amme tana dukan cinyarta. "Kun kashe mu, Nosrat. Kai da 'yarka kun kashe mu." Ta yi ta yi har ta gaji, ta share fuska da gefen ɗankwali, ta tashi ta leƙa kicin. Can muka jiyo ta tana faɗa da Maman.

"Wannan ne duk dabinon? Idan rabin unguwa ya zo, da me za ku tare su? Matsa can, ba ni wuƙa."

Baba ya kira ni ya ce in zauna kusa da shi in rubuta sanarwa a waya. Shi yake faɗa, ni ina bugawa: sunan Behrang, ranar, lokacin, sashen da kabarin yake. Da muka zo kan dalilin rasuwa na dakata.

"Me zan sa, Baba?"

"Abin da ya faru."

"Idan na sa, ba ya goguwa."

"Ki sa. A ƙasa ki rubuta sunana cikakke, kada su wahala wajen nema. Naki kada ya fito."

Na rubuta. Na karanta masa sau ɗaya, ya gyaɗa kai. Layin sadarwa yana ta jan ƙafa kamar kullum a kwanakin nan, saƙon ya daɗe yana juyawa, sannan ya tafi.

Ba a jima ba wayar ta fara motsi a hannuna. Mai gidan burodi: "Za mu zo, burodin sadaka a kaina." Abokan karatun Behrang: "Muna nan." Wata tsohuwar ɗalibar Baba daga Lahijan ta ce mota biyu za su cika. Sai wata lamba da ban sani ba: "Ni ce wadda ya ƙwata. Zan zo da mahaifiyata." Na miƙa wa Baba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen baƙar rigarsa.

A nan aka danna ƙararrawar ƙofa. Ba irin dannawar maƙwabci ba ce. Yatsa aka ɗora aka ƙi ɗagawa. Ƙarar wuƙa ta tsaya a kicin. Na yunƙura zan tashi, Baba ya dafa kafaɗata ya mayar da ni.

Ya sa tabaransa, ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa.

"Zauna, 'yata. Sunana na sa. Ni zan buɗe."